Turken Ɗanmusa da Haruffan Kwatano

A ƙasar Kaoje, a wani ƙauye da ke kallon fadama, akwai wani turken ƙirya kafe a bakin mashayar kogin Kwara, an tsattsaga masa layuka da wuƙa tun daga gindi har kai. Na Ɗanmusa ne. Kullum bayan sallar asuba yakan gangara ya tsuguna gabansa, ya duba inda ruwa ya tsaya, ya ƙirga kamu da yatsu, ya koma gida ya rubuta. Shekara goma sha tara ke nan yana haka, kuma ba wanda ya sa shi.

Manomin shinkafa ne, karatunsa na boko aji biyar ya tsaya. Turken kuwa gado ne daga wansa Zayyanu, masunci mai yawan tambaya, wanda abu guda ya hana shi sukuni: me ya sa Kwara ke cika sau biyu a shekara, farin ruwa mai laka da damina, sannan baƙin ruwa lokacin sanyi alhali ko yayyafi ba a yi? Zayyanu ya rasu bai gama bincikensa ba, ƙanensa ya ɗora. Da farko dariya ake masa, har aka laƙaba masa Akawun Kwaɗi. Amma da shekaru suka taru sai lambobin suka fara magana. In ruwa ya kai wani layi kafin tsakiyar Agusta, to kwari zai nutse. Shekarar da ya faɗi haka aka ƙi ji, an ga abin da aka gani. Tun daga nan ba mai dasa shinkafa a kwari sai ya ji ta bakinsa.

Littattafansa bakwai ambaliya ta ci su shekara uku da suka wuce, tare da akwatin da suke ciki. Abin da ya tsira shi ne abin da 'yarsa Mashkura ta riga ta kwafe cikin kwamfutarta lokacin wani hutun jami'a. Tsohuwar kwamfutar cinya ce, ya saya mata a kasuwar Lolo wurin wani mai shigo da kaya daga birnin Kwatano, inda ake Faransanci. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da solar gida take aiki. Daga wannan shekara ya daina sayen littafi. Yakan rubuta awon a 'yar takarda ya tara, in Mashkura ta zo ta shigar, a hura wuta da takardun.

Ranar wata Laraba ta farkon Agusta, Mashkura ta gama digiri tana gida tana jiran kiran bautar ƙasa, hadari ya wuni a sama, sola ba ta sha rana ba. Kwamfutar na tsakiyar sabunta kanta wuta ta ɗauke. Washegari da hantsi aka kunna ta, ta ƙi shiga, sai shuɗin allo da rubutun Turanci.

Ɗanmusa ya zauna a tabarma gefen 'yarsa yana leƙe. Shi tsoro bai fara zuwar masa ba, mamaki ne.

"Mi ta ce?"

"Wai wasu fayilolin da take tashi da su sun lalace, Baba."

"Nawa lissafin na ciki?"

"Ban sani ba tukuna." Ita kaɗai ta san sau nawa ta yi niyyar kwafe fayil ɗin a filash ta ce sai gobe.

Ana cikin haka Bunyaminu ya yi sallama. Abokin Ɗanmusa ne tun suna yara, kuma shi manoman kwari suka wakilta, domin irin shinkafa ya isa dashe, ranar Asabar ake son a shiga.

"Akawu, mi aka ciki? Mu dasa ko mu hau tudu?"

"Ruwan bana na sani, kamu huɗu da yatsa uku. Abin da zan gwada shi da shi ne ya maƙale cikin wagga aba."

Bunyaminu ya duƙa ya dubi allon kamar mai duba akuyar sayarwa. "A wanke ta mana. Wayar ɗana haka ta yi, anka wanke ta, ta tashi garau."

"Kawu, in an wanke ta komai zai tafi."

"To ke da digirinki fa?"

"Na kimiyyar tsirrai ne, Kawu."

"Ashe! Da shinkafa ce ta suma da kin tashe ta."

Mashkura ba ta yi dariya ba. Ta fita bakin danga inda sabis ya fi ƙarfi, ta kira Yewande, wata Bayarabiya mai shagon gyaran kwamfuta a Bagudo, haifaffiyar garin, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Kai kwamfutar can bai yiwu ba, ruwa ya yanke hanyar ƙauyen tun Talata, mashin ma ba ya wucewa. Sai aka jawo tabarma bakin danga, aka ƙara wa kwamfutar wayar wuta mai tsawo, aka buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Kar ki taɓa inda aka ce a goge komai," in ji Yewande. "Ko yatsanki ya yi ƙaiƙayi. Nemi inda za ki buɗe baƙin allon ba da umarni. Hatsi za mu fara kwashewa kafin mu gyara rumbu."

Mashkura ta bi, har kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Sunan marigayi Zayyanu ne, shi take bugawa kullum shekara huɗu. Ta buga, aka ce ba daidai ba. Ta sake, a hankali, harafi bayan harafi. Ba daidai ba. Ta gwada da manyan baƙaƙe, ta gwada da lamba a ƙarshe. Sau tara.

"Kin tabbata ba ki canza ba?"

"Wallahi Anti ban canza ba."

"To wataƙila nan ma ɓarnar ta kai. Sai hanya ta buɗe ku kawo, in cire ma'ajiyar bayananta in gani. Amma ban yi alkawari ba."

Aka kashe waya. Mashkura ta ajiye ta a kan tabarma, ta rufe fuska da mayafi. Bunyaminu ya fara lissafin kwanakin da iri zai iya jira kafin ya tsufa.

Shi kuwa Ɗanmusa idonsa ya sauka kan wayar. Tun kafin kiran Mashkura ta fara rubuta wa wata ƙawarta saƙo ta bari, haruffan suna nan jere a ƙasan gilashi. Ya dubi jerin, ya dubi na kwamfutar. Mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana gwada layi da layi ba ya ganin jeri biyu ya ƙyale.

"Mashkura, don mi wayarki ta fara da Q, wagga kuma ta fara da A?"

"Baba, don Allah..."

"Dubi dai. Nan W ke biye, can Z. Wane ne ya yi kuskure cikinsu?"

Ta janye mayafin ta duba. Shekara huɗu tana amfani da su biyun, hannunta ya saba da kowanne daban, ba ta taɓa jera su ba. Ta sake kiran Bagudo, ta faɗa wa Yewande abin da suka gani da inda aka shigo da kwamfutar.

Yewande ta yi wata irin ƙara har Bunyaminu ya ja da baya. "Ta Kwatano ce? Haba Mashkura! Madannan Faransanci gare ku! Kullum kwamfutar ta san da haka, amma yanzu da ta rikice ta koma jerin Turanci. Kina danna Z tana jin W, kina danna A tana jin Q."

"Wato sunan yayana take ji da wani yare," in ji Ɗanmusa, yana jinjina kai cike da sha'awa. "To a danna mata inda waya ta ajiye su."

Mashkura ta kwantar da wayar gefen madannan ta zama mata taswira. Ta danna W, Q, Y, Y, Q, N, U. Baƙin allo ya buɗe.

Sauran aikin ya ci har bayan azahar. Yewande na faɗin haruffa ɗaya bayan ɗaya, Mashkura na nemansu a taswirarta, Ɗanmusa na tambaya a kowane mataki har sai da Yewande ta ce, "Baba, in an gama zan ɗauke ka aiki." Ta wata 'yar manhajar rubutu suka bi suka ga manyan jakunkunan ajiya, suka sami fayil ɗin, suka tura shi filash. Sannan aka sa kwamfutar ta binciki ma'ajiyarta da umarnin da ake kira chkdsk, aka bi da wani mai suna sfc, mai duba fayilolin tashi ya maye gurbin waɗanda suka lalace. Lambobi suka riƙa hawa a hankali. Ɗanmusa bai ɗauke ido ba, ya ce tafiyarsu irin ta ruwan Satumba ce.

Da aka sake kunna ta, ta yi jim, ta shiga. Mashkura ta buɗe fayil ɗin. Shekarun suna nan, sai dai awon mako biyu na ƙarshe da take shigarwa lokacin da wuta ta ɗauke, shi babu.

"Wannan na cikin kaina," in ji Ɗanmusa. "Karanto mani bakwai ga Agusta, kowace shekara."

Ta karanto, yana ƙirgawa da yatsu, leɓensa na motsi. Shekara biyu kaɗai ruwa ya kai kamu huɗu a wannan rana. Ya sa ta duba Satumbar kowaccensu, ta faɗa masa: duka biyun ruwa ya haye layin da ke nutsar da kwari. Ya juya ga abokinsa.

"Bunyaminu, ku bar kwari bana. Ku dasa daga gindin giginya zuwa sama."

"Rabin gona ke nan fa, Akawu."

"Rabin da za ka yanka."

Bunyaminu ya shafa gemu, ya dubi kwamfutar, ya dubi Ɗanmusa. Sannan ya miƙe ya zura takalmansa, ya ce bari ya riski mutane a masallaci kafin la'asar, tun wani bai kai iri kwari ba.