Bijimi na Biyu a Gonar Karakkai

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, dillalin shanu ne a karar Tsafe, kasuwar dabbobi, tun ina ƙarami. Dillali ba shi da garke, ba shi da rumfa. Abin da yake ci da shi kawai shi ne idan ya ce dabba ta halal ce, a yarda. Wannan aka raba shi da shi a rana guda.

Wani baƙon makiyayi ne ya kawo masa farin bijimi, ba a samu mai saye ba, sai Kawu ya saye shi da kansa don ya kiwata kafin babbar Sallah. Ba a jima ba wani manomi daga Karakkai, can ƙasar Bungudu, ya shigo kara yana cigiyar bijimin huɗarsa da aka kwance masa. Ya ga na Kawu: fari, mai buɗaɗɗen ƙaho, da yanka biyu a kunnen hagu, irin shaidar da Fulani ke yi wa shanun gidansu. Ya ce nasa ne, ya kuma rantse da Alƙur'ani a gaban alƙali. Aka nemi makiyayin, ya riga ya yi kudu da garkensa. Aka ba manomi bijimi, aka ɗaure Kawu da laifin karɓar kayan sata. A gidan yari ya yi daminar shekarar.

Da ya fito, shugabannin kara suka ce ƙa'ida ce, wanda kotu ta taɓa kamawa da laifin dabba ba ya dillanci. Duk da haka bai taɓa fashin ranar kasuwa ba. Yakan sa farar rigarsa ya je ya zauna gindin tsamiya. Gaisuwa kam ana yi masa har da rusunawa, amma ko tunkiya babu mai nuna masa. Abin nan ya ci mini rai shekara da shekaru.

Ni a lokacin ina koyarwa a Gusau, ina zaune a Tudun Wada, kuma ina ganin kaina wanda ya san kan gari. Na yi ta bincike har na gano ana iya rubuta wa gwamnati roƙon afuwa, idan aka dace a yafe wa mutum tsohon laifinsa. Na tafi Tsafe da murnata. Kawu ya saurare ni har na gama, yana ɓare goro.

"Ɗana, afuwa ta mai laihi ta," in ji shi. "Mi niy yi da za a yahe min?"

Na dawo gida ina ta sababi ni kaɗai a kan babur. Na ce taurin kan dangin mahaifiyata ba ya da magani.

Labarin da ya sauya komai wani tsohon Bafulatani ne ya kawo shi, abokin Kawu daga wajen Ruwan Bore. Ya ratsa ta Karakkai da farkon damina, ya ga manomin nan yana huɗa da fararen bijimai biyu a karkiya ɗaya, kowanne da yanka biyu a kunnen hagu. Ya ce wannan shaidar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta zuriya ce. Idan 'yan'uwa suka raba garken ubansu, kowa yakan tafi da shanunsa da kuma yankan kunnen gidansu. Ashe bijimin manomin na asali an gano shi daga baya an mayar masa, ya haɗa da na Kawu, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ni na ɗauki Kawu muka tafi Karakkai. Tun daga Gusau nake tsara abin da zan faɗa wa mutumin, kuma wallahi babu kalma mai daɗi a ciki. Muka same shi a gona, riƙe da garma. Da ya gane Kawu sai ya tsaya cak, bijiman ma suka tsaya. Na buɗe baki ke nan Kawu ya dafa kafaɗata.

Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa. Sannan ya zagaya bijiman, ya shafa tozon ɗaya, ya gyara wa ɗayan igiyar hanci.

"Malam, shanunka sun dace da juna," ya ce. "Allah shi ba da amfani mai albarka."

Shi ke nan fa. Ya ce mu tafi. A hanya na kasa haƙuri, na ce ga shaida tsaye da ƙafa takwas mun baro ta. Ya ce mutumin bai yi rantsuwar ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya rantse a kai. Tsoro ne ya rufe masa baki daga baya, kuma idan muka ja shi kotu da ƙarfi, gobe za a wayi gari bijimi ɗaya ya ɓace. Yana son mutumin ya zo da ƙafarsa.

Ban yarda ba a ranar, amma na ga aiki. Kawu ya riƙa zuwa Karakkai jefi-jefi, ya gaisa, ya sha ruwa, ya juyo. Da aka yi wa manomin rasuwa, yana cikin waɗanda suka ɗauki gawa. Bai taɓa ambaton bijimi ba. Ni dai ban san wani mutum mai irin wannan zuciya ba, kuma har yau idan na tuna sai in ji ƙaunarsa ta ƙaru.

Bayan an kai amfanin gona gida, manomin ya yi sallama a ƙofar Kawu, ya ƙi hawa tabarma. Ya ce tun ranar da aka mayar masa da nasa bai sake jin daɗin huɗa ba. Ya ce a kai shi duk inda za a kai shi.

Lauyan da muka ɗauka ya roƙi kotun sama a Gusau ta saurari ƙarar duk da lokacin ɗaukaka ta ya wuce, saboda sabuwar shaida. An sha ɗage zama, har na fara cewa sai mun tsufa. Manomin bai taɓa ƙin zuwa ba, haka tsohon Bafulatanin. A ƙarshe alƙali ya soke hukuncin farko, ya ce babu laifi a kan Kawu, a mayar masa da bijiminsa. Ni na yi kuka a barandar kotu, ban ji kunyar kowa ba.

Ranar kasuwa ta gaba manomin ya zo Tsafe, ya tsaya a tsakiyar kara, ya ɗaga murya a gaban shugabanni da mahauta da masu lodi.

"Jama'a, ku shaida! Nan nic ce wanga bawan Allah ya riƙe min bijimi. Ba nawa ne ba. Ni niy yi kuskure, kuma ni niɓ ɓoye."

Can sai wani makiyayi da ke tsaye da jar saniya ya waiwaya wajen tsamiya, inda Kawu ke zaune.

"Baba, taho ka duba min wagga."

Kawu ya tashi, ya naɗe hannun riga. Ya kama bakin saniyar, ya buɗe, ya shiga duba haƙoranta. Makiyayin ya tsaya yana jiran abin da zai ce.