Hilda Threlfall da Zoben Tagulla

An haifi Hilda Threlfall ranar 14 ga Maris, 1919, a garin Preston. Mahaifinta Albert masaƙi ne a masana'antar auduga, mahaifiyarta Edna kuwa tela ce.

Karatu

Ta kammala makaranta a 1935, sannan ta koyi buga tafireta. Malamanta sun shaide ta da wata baiwa mai ban tsoro: in ta kalli ɗaki sau ɗaya, ko cokali aka matsar sai ta gane.

Aiki

A 1938 ta samu aiki a wani kamfanin fim kusa da Landan, kuma a 1943 aka ɗora ta kan lura da daidaito. Da yake fitowa guda akan ɗauke ta gutsure-gutsure cikin kwanaki, ita ke rubuta hannun da ya riƙe kofi da inda wutar sigari ta kai, don kada mai kallo ya ga saɓani. Shekara takwas ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

A 1951 darakta Lionel Ashcombe ya ɗauki fim ɗinsa da ya fi shahara, labarin wata mata da mijinta ya mutu a yaƙi. Da aka haɗa fitowar ƙarshe, sai ga zoben aure a yatsar jarumar tana buɗe ƙofa, tana fita kuma babu shi. An riga an rushe ɗakin da aka gina don fim ɗin, jarumar ta wuce Amurka, ba damar sakewa. Ni ƙanin Hilda ne, a kamfanin nake aiki, kuma ina wurin a ranar.

“Ke Hilda, don me ake biyan ki?” in ji Ashcombe a gaban kowa.

“Don in kalla, yallaɓai,” ta ce.

“To je ki kalla daga gida.”

Babu kamfanin da ya sake ɗaukar ta. Abin da ya ƙara girgiza mu ya zo a 1952, lokacin da masu sharhi suka yi caa suna cewa ɓacewar zoben ita ce ƙololuwar hikimar fim ɗin, wai matar ta yafe wa kanta zaman makoki. Ashcombe ya karɓi lambar yabo bai ko ambaci Hilda ba. Har yau abin yana ƙona mini rai.

Aure da 'ya'ya

Ta auri Cyril Pomfret, mai gyaran fitilun kamfanin, a 1953, ta koma buga takardu a ofishin wani lauya. Sun haifi 'ya'ya uku, waɗanda suka tashi da sanin cewa sakaci ya raba uwarsu da aikinta. Duk abin da ya ɓace a gidan, babbar 'yarta Maureen takan ce, “A tambayi Mama, ai ita ce gwanar ɓatar da kaya.” Hilda takan yi murmushi ta ɗora shayi.

Shekarun ƙarshe

Cyril ya rasu a 1969. A 1974 Ashcombe ya fito a talabijin ya ce tun kafin a kunna kyamara ya tsara zancen zoben. Hilda ta tashi ta kashe akwatin, ba ta ƙara kunna shi ba a makon.

Rasuwa

Ta rasu ranar 2 ga Nuwamba, 1988, tana da shekara 69. Kwana biyu kafin jana'iza, Maureen ta buɗe wani gwangwanin biskit a ƙasan kabad ɗin mahaifiyarta, ta tarar da zoben tagullar da jarumar ta sa a fim ɗin, naɗe cikin takardar aikin ranar da aka ɗauki fitowar ƙarshe. A gefen takardar, da rubutun Hilda: “Na ba da shawara a cire zobe. Darakta ya ce aikina kallo ne, ba tunani ba. Na ce wa jaruma ta cire.”

Maureen ta kira ni. “Kawu, da gangan ta yi. Shekara talatin muna yi mata dariya a kan teburinta.” Ni ma kuwa na ɗauka sakaci ne.

An binne ta a Preston kusa da iyayenta. Ta bar 'ya'ya uku, Maureen da Dennis da Gillian, da jikoki biyar. Su ne suka sa aka sassaƙa a dutsen kabarinta, ƙarƙashin sunanta: “Ba kuskure ba ne.”