Yatsu Huɗu Tsakanin Taya da Bodi

A wannan watan ne yayana, Malam Habu, ya cika shekara tara da rasuwa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin ni ba marubuci ba ne, taki da irin shuka nake sayarwa a Wudil. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne motarsa ta sake hawa titi, kuma tun daga ranar nake tambayar kaina abin da zai ce da ya ga ƙafafun da aka fara sa mata.

Waɗanda suka zauna a Sabon Gari a wancan lokacin sun san motar. 'Yar ƙarama ce, ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ga dogon gaba, ga ta a ƙasa-ƙasa kamar cikinta zai taɓa kwalta. Da tsufanta ya saye ta, a hannun wani likita da zai koma ƙasarsu. Mutane sun yi ta magana: magidanci mai iyali, malamin gona a ƙaramar hukuma, me zai yi da motar da ba ta ɗaukar ko mutum uku? Yaya bai taɓa ba su amsa ba. Yana da babur ɗin zuwa aiki. Motar ta Juma'a ce. Idan aka sauko daga masallaci sai ya kama hanyar Ɗankaza wajen mahaifiyarmu, Inna, kuma yawanci ni ne a kujerar gefe.

Da siririn wili na ƙarfe ta zo, wato abin da taya ke zama a kansa, mai inci goma sha uku, duk ya ci tsatsa. Da Yaya ya tashi canza shi, ya daɗe yana nema. A bakinsa na fara jin cewa ramukan noti sai sun dace a yawa da kuma tazara, kuma idan wili ya ƙara girma dole gefen taya ya ragu, don tsayin ƙafar ya tsaya yadda yake, in ba haka ba agogon gudu ya riƙa yi maka ƙarya. Idan kuma faɗi ya yi yawa, da ka murɗe sitiyari taya ta goga. Wannan duk kowane bakanike ya san shi. Abin da ban taɓa gani wajen wani ba shi ne yadda yake awo. Ba ya auna mota ba kowa a ciki. Sai ya jefa rabin buhun gero a but, wurin kaya na bayan motar, sannan ya kira ni, don tun ina saurayi jiki gare ni.

"Sani, zo ka zauna. Kai ne buhu na biyu."

Idan na zauna motar ta lotsa, sai ya tsuguna ya zura hannu tsakanin tayar baya da bodi. Yatsu huɗu su shiga ba tare da sun matse ba, to wilin ya yi. Idan uku ne, a kwance a mayar wa mai shi, komai kyansa. A haka ya tsaya a kan goma sha huɗu, da taya mai kaurin gefe.

Dalilin wannan awo kuwa Inna ce. Ba a fita daga gidanta hannu sake. Gero, gyaɗa, kabewa, kuka, wani lokaci har da zakara a ɗaure, duk sai an loda maka, kuma ba a cewa ya yi yawa. Wanda ya rage ko ƙwarya ɗaya ya ce mata abinta bai kai ba ke nan. Ga shi kuma tana tsayawa a ƙofar zaure har mota ta ɓace. Shi ya sa Yaya yake cewa tafiya ba ta dame shi ba, dawowa yake auna wa.

Bayan rasuwarsa motar ta faɗo a rabon babban ɗansa, Nazifi, wanda a lokacin yana karatu. Aka lulluɓe ta da tamfol a tsakar gida. Tayoyin suka tsattsage, wili biyu suka lanƙwashe inda suka zauna. Ni kuwa na ci gaba da zuwa Ɗankaza a motar haya, ina sauka bakin titi in hau babur. Inna ba ta taɓa tambayata motar ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba.

Bara, da Nazifi ya zauna da ƙafarsa a wajen aiki, ya yaye tamfol. Ya kashe mata lokaci da ƙoƙari, ban rage masa komai ba a nan. Inji ya tashi da muryarsa ta da, har na kasa tsayawa a wurin ranar farko. Amma da ya je Kano sai ya dawo da wilin alminiyam mai inci goma sha bakwai, yana walƙiya, taya a kansa siririya kamar an zagaya shi da bel. Ya nuna mini hotunan irin motar a waya, a ƙasashen waje, duk da irin wannan ƙafa. Ramuka sun dace, ya ce, kuma an gwada, ba ta gogawa ko kaɗan. Na tambaye shi wa ke ciki lokacin da aka gwada. Ya yi dariya ya ce, "Baffa, wa zai zauna a ciki ana ɗaura taya?" Na ƙyale shi. Motarsa ce, kuma gaskiya ta yi kyau.

Da kaka muka je Ɗankaza tare. Ya tafi da ita a hankali, yana kauce wa ramuka, muka isa lafiya. Idon Inna ya yi rauni yanzu, amma kunnenta yana nan. Kafin mu kashe inji ta riga ta fito. Ta dafa bodin da tafin hannu. Sannan ta juya ga jikanta da wasan da suka saba, ta ce ashe mijin nata ya yi arziki, to yau kuwa sai ya ɗauki lefensa ya tafi da shi. Aka fito da rabin buhun sabon gero, da gyaɗa, da kabewa biyu da aka cusa bayan kujera.

A kwarin farko bayan masallacin unguwa muka ji ƙara daga baya, sai warin roba. Nazifi ya tsaya ya duba. Bodi ya zauna a kan taya, har ya fara yankar gefenta. Ya ce mu sauke geron a gidan maƙwabci, ya aiko a ɗauka daga baya. Na waiwaya. Inna tana nan tsaye a ƙofar zaure. Ko ba ta gani ba, kafin mu kai titi labari ya kai mata cewa an bar geronta a gidan wani, a zuwan farko na motar Habu. Sai na buɗe ƙofa na fita.

"Baffa, ina za ka?"

"Buhu ɗaya za a sauke," na ce. "Ba na Inna ba."

Ya roƙe ni, na ƙi. Motar ta ɗan ɗago, ya ja ta a hankali, ni kuma na bi bayanta a ƙafa har na sami babur.

Labari ya kai mata duk da haka. Da Nazifi ya kira ta ya gaishe ta, ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi gero, ya ce ya iso lafiya. Sai ta ce, "Ubanka bai taɓa sauke mini kaya ba, bai kuma taɓa sauke mini ɗa ba." Shi da kansa ya gaya mini wannan, kansa a ƙasa.

Na sha tunanin ko Yaya zai yi fushi da wancan wili mai walƙiya. Ban jin zai yi. Mutum ne mai son kwalliya, shi ma ai canza nata ya yi a zamaninsa, kuma da ya ga irin waɗanda ake kawowa yanzu na san sai ya tsaya ya shafa. Zamani ya kawo abubuwan da bai gani ba. Amma hanyar Ɗankaza ba ta canza ba, hannun Inna ma bai canza ba, kuma su yake tambaya kafin ya tambayi ido.

A farkon watan nan Nazifi ya kira ni gareji. Ya mayar da na goma sha bakwai, ya samo na goma sha biyar, alminiyam ne shi ma, da taya mai ɗan nama a gefe. Ba irin na ubansa ba ne, nasa ne. Na tarar an riga an sa rabin buhun gero a but. Ban taɓa ba shi labarin awon ba, mahaifiyarsa ce ta gaya masa. Ya buɗe mini ƙofa, yana jin nauyin faɗar maganar, sai ya ce kawai, "Baffa, bismillah."

Na zauna, motar ta lotsa kamar yadda ta saba. Ta madubin gefe na ga ya tsuguna ya zura hannu. Yatsun ubansa gare shi, dogaye, masu faɗin farce. Huɗun suka shiga.

Yaya bai bar gidaje ba, bai bar suna a jikin wani gini ba. Abin da ya bari shi ne wannan: idan za ka zaɓi abu, ka bar wurin kayan mahaifiyarka da na ɗan'uwanka. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Juma'ar nan za mu Ɗankaza, kuma Inna ta aiko cewa wake ya bushe.