Kawu Tela da Karas Ɗinsa

Kawuna tela ne, ƙanin mahaifiyata, kuma a shagonsa na tashi ina tsintar ƙyallaye. Mutum ne mai hannu. Kallo ɗaya zai yi maka ya yanka riga ta zauna daram. Sai idonsa na hagu ya fara hazo, na dama ya biyo baya. Na kai shi asibiti, likita ya ce yanar ido ce, sai an yi aiki. Muna fita wata nas ta ƙara da cewa ya riƙa cin karas, yana da kyau ga ido. To, maganar likita a bakin ƙofa Kawu ya yar da ita, ta nas ya ɗauko ya kawo gida.

Daga ranar ba wanda ya sake shan iska a shagon nan. Ka kawo ɗinki, sai ka sha wa'azin karas: yana da bitamin A, yana maganin dundumi, yana gyara fata, yana sa bayan gida ya zo ba wahala. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Abin da ya ƙi shiga kansa shi ne karas ba ya cire yana. Kuma wani ya gaya masa kada a fere shi, amfanin yana jikin ɓawo, shi kuwa ya fassara da cewa kada a wanke. Haka zai ciro shi daga leda ya goga a gefen wando ya kai baki, kana jin ƙasa tana ƙaras-ƙaras a haƙoransa. Yana magana guntaye suna fallatsa kan yadin mutane. Tafin hannunsa har ya koma ruwan lemo, ya ce alamar magani ya kama jiki ke nan.

Wata rana na bi ta bayan wurin wankin mota, na tarar da mai baron da yake kawo masa karas ɗin a tsugune bakin kwata. Ruwan baƙi ƙirin, ga kumfa, ga ledoji, ga mushen ɓera ya kumbura yana yawo, shi kuwa yana tsoma karas ɗauri-ɗauri yana girgizawa don su yi sheƙi. Wallahi a wurin na yi amai, kuma na daɗe ko ganin karas a cikin abinci ba na iya yi. Na zo na faɗa wa Kawu, ya ce ni dai tun ina yarinya ƙyanƙyami ya yi mini yawa. Ya ɗauki wani ya gatsa a gabana. Haushi ya sa na yi wata ban leƙa shagon ba.

Abin da ya mayar da ni, wata mata ce ta zo har gida da rigar makarantar ɗanta, Kawu ya ɗinke bakin hannun ruf, aljihu kuma ya juya ƙasa. Na je na samu shagon fayau, ba mai jira ko ɗaya, yana lalube yana neman kafar allura da yatsa. Ban roƙe shi ba, na ce ya tashi mu koma asibiti.

Likita ya duba ya ce idon hagu an makara, yanar ta daɗe har ta lalata shi. Na dama ne za a gwada. Na cika fam da haushi, ina shirin zazzage wa Kawu duk abin da ke cikina, sai ya damƙi wuyan hannuna.

"'Yata, na san karas ba zai cire ta ba," in ji shi. "Wuƙar nake tsoro. Hazon nan ko ba komai ina ganin inuwarki."

Da aka zo tafiya da shi ɗakin tiyata, ya laluba aljihu ya ba ni makullin shago. Ya ce in sun kwance bandeji bai ga komai ba, in ba da keken ɗinkin ga wanda zai riƙa sa masa mai.