Wutsiyar Taken da Dou Mancang Ya Ɓoye

Ranar da aka binne mijin Guizhi an yi sanyin da hawaye ke daskarewa a gefen ido. Tana durƙushe cikin fararen kayan makoki, tun jiya ba ta sa komai a baki ba, sai maƙwabcinta Dou Mancang mai algaita ya raɓo, ya zaro gasasshen dankalin da yake ɗumama yatsu da shi daga hannun rigarsa, ya tura mata a tafin hannu.

"Ci, matar Yaya. Kar ki bi shi tun ba a gama rufe shi ba."

Ta ci, kuma ba ta manta ba. Sai dai duk ranar da ta zauna gaban gunkin Guanyin, uwar jinƙai da take bauta wa, da carbinta, tana laluben wani alherin nasa da za ta haɗa da wannan, turaren wuta yakan cinye ba ta samo ba.

Busar algaita gadon gidan Dou ce. A kwarin nan ba a ɗaura aure, ba a ɗaukar gawa, sai da su. Da baki suke koyarwa: uba ya rera, ɗa ya maimaita, sai take ya zauna a maƙogwaro kafin a yarda yaro ya sa algaita a leɓe. Mancang ya iya, wannan ba mai musu. Amma abin da ya fi iyawa shi ne faɗin cewa ya iya. In ya sha giyar dawa a gidan biki, sai ya hau kan masu karanta kiɗa da lambobi a takarda.

"Ɗaya, biyu, uku, biyar! Busa ce wannan ko ƙirgen tumaki? Takarda tana da huhu ne? Ni duk nawa yana nan." Sai ya ja kunnensa, wanda bai taɓa jin maganar kowa da shi ba.

Akwai taken da ake kira Haye Gada, wanda ake raka mamaci da shi. Jikinsa kowa ya sani. Wutsiyarsa kuwa ba a busa ta sai mai algaita ne ya mutu, kuma 'yan gidan Dou sun yi imani wanda ba a busa masa ita ba, nan bakin gadar lahira zai yi ta tsayuwa. Ɗa namiji kaɗai ake ba wa, shi ma sai uba ya ga tafiya ta matso. Mancang bai haifi namiji ba. Masu neman koyo sun zo, manyan samari da ƙarfinsu. Ya sa su noman masara da jan ruwa, ya ba su rabin take kamar mai yanka daga cinyarsa, har suka gaji suka tafi birni ɗaukar bulo.

'Yarsa Ailian ce mai kunnen. Tun tana ƙarama, in ya yi kuskure sai ka ga ta yamutsa fuska. Ya hana ta taɓa algaita, wai mace kai gado take gidan surukai. Ta tafi gari ta koyi rubutun kiɗa, ta zama malamar waƙa a makarantar yara. Wata shekara ta zo bikin sabuwar shekara da alƙalami da takarda.

"Baba, ba sai ka koya mini ba. Kai dai rera, ni in rubuta, don kar ya ɓace."

Ya karɓi takardar, ya yage gefenta, ya naɗa taba, ya kunna, ya fesa mata hayaƙin. "To, ga amfaninta nan. Kin ji daɗin sautin?"

Ailian ta ɗauki jakarta tun kafin a sauke tukunya.

Wutsiyar kuwa yakan shiga rumfar hatsi da sassafe ya kulle ƙofa, ya cusa tsumma a bakin algaitar, ya yi bitarta shi kaɗai kamar ɓarawo. Shi a wayonsa ba wanda ke ji. Ya manta bangon rumfar shi ne bangon madafar Guizhi. Shekara da shekaru tana dama kunun gero abin yana shiga ta kamar yadda hayaƙi ke kama tufa. Ba ta so ba. Har cikin addu'a yakan kutso mata, sai ta koma farko.

Da tsufa ya zo, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Busa ta gagara. Ya gwada rerawa, sai wata gurnani ta fito, shi kansa bai gane inda ta dosa ba. Kunnen da yake ja yana taƙama ya zama rumbun da mabuɗinsa ya karye. Mutumin da ya ƙi ba kowa ya zauna a rana yana kallon hanyar maƙabarta, yana zufa cikin sanyi.

Wata rana da hantsi Guizhi tana rataye masara a kan katanga, ba ta ma san bakinta na motsi ba, sai ta ji sanda na bugun bango.

"Matar Yaya! Me kike rerawa?"

"Sunan Guanyin nake kira."

"Ƙarya kike, da furfurarki! A ina kika sato?"

"A madafata na tsince shi. Tsummanka ne bai toshe da kyau ba."

Miyau na ta bin haɓarsa. Ta zaci zagi ne zai biyo, ta ci gaba da aikinta. Sai ta ji muryarsa ta yi ƙasa.

"Ki je wurin Ailian. Ki rera mata, ta rubuta da lambobin nan nata, a ba duk wanda zai busa mini ranar. Kar ki ce ni na aike ki." Ya goge baki da hannun da ya rage masa. "Kuma, matar Yaya, da an gama busawa a ƙone takardar tare da kayana. Kar wani ya koya."