Yadda Malama Adawiyya Ta Shiga Ruwa

Malama Adawiyya ta Mabera ta daɗe tana koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata, amma ko kududdufi ta gani sai ta kewaye. Tsoron ruwa gare ta na fitar hankali. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ana nan sai wasu matasa suka kafa reshen jiha na ƙungiyar tseren nan mai hawa uku, wanda ake farawa da iyo, a hau keke, a ƙarasa da gudu. Suka naɗa shugaba da sakatare, kowane fanni da mai kula da shi. Uwar ƙungiya ta ƙasa ta ce ba ta san da zamansu ba sai sun fito da sashen mata masu shiga tsere da gaske. Suka lallaɓo wurin Malama. Ita kuwa da son a ce ta iya, ta amsa tun ba su kai ƙarshen zance ba.

Ɗalibanta sun iya gudu, keke ma bai gagare su ba. Iyo ne ya zame alaƙaƙai. Iyaye suka ce namiji ba zai koya wa 'ya'yansu ba, ni ma na ga gaskiyarsu. In ba a samu mace ba, reshe ya mutu tun bai yi rarrafe ba.

Sai Malama ta nufi ƙauyensu wajen Wamakko, gun Gwaggo Lami, wadda ta girma tana ƙetare gulbi bisa gora zuwa fadamar shinkafa.

"Rungumi goran ga awa jinjiri, ki saki ƙahwahunki," in ji tsohuwar.

"Gwaggo, in nin nutse hwa?"

"Sai mu ce Allah shi jiƙan malama."

Malama ta sha ruwa har ta gode wa Allah, mata masu wanki na ta sheƙa dariya. Ba ta fasa ba. Kafin a yanke shinkafa ta daina neman gora.

Ƙungiya ta aro tafkin wanka na wani otal, safiyar Asabar, ba namiji ko ɗaya. 'Yan mata suka jeru a baki cikin dogayen wanduna, kowa na tura wata, iyaye mata na zaune sun zuba ido, ni ma ina cikinsu. Malama ta yi bisimilla ta faɗa, ta ƙetare. Kafin ta juyo, Safiya, mafi tsoro a cikinsu, ta biyo ta. Na yi murna har da hawaye.

Reshe ya samu shiga. Har yau ba su ciyo kofi ba, kuma ban taɓa ganin abin ya hana Malama cin tuwo ba. Abin da take yawan ba da labarinsa shi ne, ran nan tana tsane jiki, uwar Safiya ta matso kusa, ta rage murya.

"Malama, mu manya hwa? Wace rana ta tamu?"