Huhun Goron Baba da Kwantenata

"Me ya ɓata maka rai?" in ji Baba jiya, a rumfarsa ta goro a kasuwar Adjamé.

Na ce, "Manhajar wani asibitin unguwar Treichville na naɗe a kwantena, wato ƙunshin manhaja da duk abin da take bukata, na tura kan serveur ɗinmu, babbar kwamfutar da ke gudanar da ita, da tsarin da nake maimaita wa kowa. Ban canza komai ba. Aiki ya yi mata yawa ta faɗi, marasa lafiya na layi."

Bai daina ɗaure huhu ba. "Ni ma ganye ɗaya, igiya ɗaya. Amma goron da za shi Agadez ya fi mai zuwa Bouaké shan ruwa, don hanyarsa ta fi nisa da zafi. Ka tambayi inda kayan za su?"

Wallahi ban tambaya ba.

Ku fa, wa ya taɓa koya muku aikinku alhali bai san shi ba?